Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Gwanjon Tsofaffin Motoci a Turai

A bakin Bahaushe, gwanjo araha yake nufi. Kayan gwanjo su ne tufafin da wani ya sa ya tuɓe, ko tarkacen da ma'aikata ta gaji da su ta fitar aka yi musu kuɗi a bainar jama'a. Amma a ƙasashen Turai da Amurka akwai wani irin gwanjo inda tsufan kaya shi ne tsadarsa. Ranar 5 ga Mayun 2022, a birnin Stuttgart na Jamus, kamfanin RM Sotheby's ya buga guduma kan wata mota ƙirar Mercedes-Benz ta shekarar 1955 a kan Yuro miliyan 135, wato kimanin miliyar 88 da rabi na kuɗin Sefa. Ba a taɓa sayar da mota a gwanjo da irin wannan kuɗi ba. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda tsohon ƙarfe ya kai ga wannan matsayi, da abin da ya biyo baya na rikici tsakanin mai dukiya, ma'aikaci da hukuma.

Daga juji zuwa taska

A farkon ƙarni na 20, tsohuwar mota ba ta da wata daraja a Turai. Idan ta gaji sai a kai ta wurin masu fasa ƙarfe, ko a yasar da ita a bayan gona ta zama akurkin kaji. Ingila ce ta fara sauya wannan kallo. A 1927 aka farfaɗo da tafiyar motoci daga Landan zuwa Brighton, wadda aka fara yi a 1896, aka keɓe ta ga tsofaffin motoci kaɗai. A 1930 masu sha'awar abin suka kafa ƙungiyarsu. A 1966 kuma aka kafa ƙungiyar duniya mai suna FIVA, wadda a ƙa'idarta mota kan shiga sahun kayan tarihi idan ta cika shekara 30, tana nan a siffarta ta asali, kuma ba ita ce abin hawan yau da kullum ba. Da masu nema suka yi yawa, sai manyan kamfanonin gwanjo, waɗanda da can zane-zane da tsofaffin littattafai suka sani, suka buɗe wa mota ƙofa.

Motar sarakuna da sarki bai saya ba

Babu motar da ta fi Bugatti Royale nuna wannan juyi. Ettore Bugatti, ɗan asalin Italiya mai masana'anta a Molsheim cikin yankin Alsace na Faransa, ya ƙera ta ne domin sarakunan Turai. Tsawonta ya zarce mita 6, injinta kuma ya kusa lita 13. Sai dai ta fito a mugun lokaci, domin karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta tsuke aljihun attajirai. Guda 6 aka ƙera, 3 kawai aka sayar, kuma ko sarki ɗaya bai saya ba. Injinan da suka rage sai aka ɗora su a jiragen ƙasa na Faransa don a rage asara.

Bayan yaƙin duniya na biyu, a wajejen 1950, wani Ba'amurke mai suna Briggs Cunningham ya sayi biyu daga hannun iyalan Bugatti a kan kuɗi kaɗan, har da firji a cikin cinikin, saboda a lokacin firji abu ne mai wuyar samu a Faransa. A watan Nuwamban 1987, kamfanin Christie's ya sayar da ɗaya daga cikin biyun nan a Landan a kan fam miliyan 5 da rabi. Motar da sarakuna suka ƙi ta zama mafi tsada a gwanjon zamaninta.

Taskar ƴan'uwa biyu da gumin masaƙa

Labarin da ya fi cancantar nazari shi ne na Hans da Fritz Schlumpf, wa da ƙane, masu masana'antun kaɗin ulu a Alsace. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 Fritz ya kamu da son tsofaffin motoci, musamman Bugatti. Ya riƙa aika wasiƙu ga masu su a ƙasashe daban-daban yana tayi. A 1964 aka kawo masa Bugatti 30 a tashi ɗaya daga hannun wani Ba'amurke, John Shakespeare, har da Royale guda. Ya ware wani ɓangare na masaƙarsa ta Mulhouse, ya zuba makanikai da kafintoci da masu fenti suna gyara a asirce, ya kuma ƙawata zauren da ɗaruruwan fitilu irin na wata gada ta birnin Paris. Mutane ƙalilan ne suka taɓa leƙa wurin.

Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. A shekarun 1970 sana'ar saƙa ta Turai ta shiga mawuyacin hali, kuɗin da ya kamata a sabunta injina da su kuwa sun tafi ga motoci. A 1976 kamfanonin suka karye, ma'aikata fiye da dubu suka rasa abin yi, ƴan'uwan biyu suka tsere zuwa Basel ta ƙasar Suwis. Ranar 7 ga Maris 1977, ƴan ƙungiyar ƙwadago suka kutsa cikin zauren, suka tarar da ɗaruruwan motoci jere suna ƙyalli.  Sai suka buɗe ƙofa ga jama'a, suka riƙe wurin kusan shekara biyu a matsayin gidan kallon ma'aikata, suna nuna wa baƙi inda guminsu ya tafi.

A nan ne tambaya ta taso: wa ke da waɗannan motoci? Masu bin bashi suna so a yi gwanjonsu a biya su. Ma'aikata suna ganin haƙƙinsu ne a ciki. Masu saye daga ƙetare kuma sun zuba ido. A 1978 hukumar Faransa ta sanya tarin cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, abin da ya hana a fitar da shi waje. A 1981 aka sayar da shi dunƙule ga wata ƙungiya da ta haɗa birnin Mulhouse da hukumomin yankin a kan tamma miliyan 44 na kuɗin Faransa na wancan lokaci, wato miliyar 2 da miliyan 200 na Sefa. Mutane da yawa sun ce da an watsa motocin a kasuwar duniya da an sami fiye da haka nesa ba kusa ba. An buɗe gidan ga jama'a a 1982, yana da motoci sama da 400. Fritz ya yi ta shari'a daga gudun hijira har kotu ta ce a haɗa sunan Schlumpf da sunan gidan. Ya rasu a 1992. Kayan sun tsira, amma masaƙun ba su dawo ba.

Tsatsa ta zama ado

Wani Bafaranshe, Roger Baillon, mai kamfanin sufuri a kusa da garin Niort, shi ma ya tara motoci a shekarun 1950 da 1960 da niyyar buɗe gidan kallo. Kasuwancinsa ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, aka sayar da wasu, sauran suka yi ta kwana ƙarƙashin rumfunan kwano, ciyawa na tsirowa a cikinsu. A 2014 jikokinsa suka kira kamfanin Artcurial. Ranar 6 ga Fabrairun 2015, a baje kolin Rétromobile na Paris, aka yi gwanjon guda 59, aka tara sama da Yuro miliyan 25. Wata Ferrari 250 GT California da aka tono daga ƙarƙashin tulin tsofaffin mujallu, wadda ɗan wasan silima Alain Delon ya taɓa hawa, ita kaɗai ta kawo Yuro miliyan 16 da ƴan kai. Abin lura shi ne an baje motocin da ƙurarsu da tsatsarsu. Da can mai saye sabon fenti yake so. A wannan karo abin da hannu bai taɓa ba shi ya fi jan hankali.

Me ke sa tsada?

Abu huɗu masana ke dubawa. Na farko ƙaranci: Ferrari 250 GTO guda 36 aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, shi ya sa ɗaya ta kai dalar Amurka miliyan 48 a gwanjon 2018. Na biyu asali: lambar shasi da ta inji dole su dace da kundin masana'anta. Na uku salsala, wato jerin waɗanda suka mallake ta da takardun shaida. Na huɗu labari. Mercedes ɗin nan ta 2022 guda biyu kawai aka yi irinta, an kuma ƙera ta don tsere, amma ba ta taɓa shiga ba, domin bayan hatsarin Le Mans na 11 ga Yunin 1955, wanda ya halaka mutum sama da 80, kamfanin ya janye daga tsere a ƙarshen shekarar.

Tsarin cinikin kuwa ba baƙo ba ne ga wanda ya san dillanci. Mai kaya kan aje farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, kamfani ya buga kundin bayani, masu saye su yi ta tayi har guduma ta faɗi, sannan a ɗora la'adar kamfani a kan mai saye. Kasuwar kuma tana da faɗuwa. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a 1988 farashi ya yi tashin gwauron zabi, masu neman riba suka ci bashin banki suka saya, a farkon shekarun 1990 ya rikito, da yawa suka tafka asara.

Abin da ya shafe mu

Ƙasarmu tana da nata gurbi a tarihin mota. A ƙarshen 1924 ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, ya ratsa Yamai da Tasawa da Damagaram a kan hanyarsa zuwa tafkin Chadi. Daga baya manyan motocin Berliet suka yi jigilar gyaɗa, Land Rover ta yi hidimar jami'ai a karkara, Peugeot 404 da 504 suka haɗa kasuwanni da garuruwa; ita 504 har harhaɗa ta aka riƙa yi a Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta fara aiki a 1975. A ma'aunin FIVA, da yawa daga cikin waɗannan sun daɗe da cika shekarun shiga tarihi, amma makomar akasarinsu ita ce hannun masu fasa ƙarfe.

Ba a ce kowace tsohuwar mota taska ce ba, kuma ba miliyoyin Turai ne abin hange ba. Darasin Mulhouse shi ne kaya kan tsira idan jama'a ta ɗauke su nata kafin kasuwa ta yi musu kuɗi. Darasin gwanjo kuma shi ne ƙarfe ba ya daraja sai da labarinsa. Wannan aiki ne da malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu za su iya farawa ba tare da jiran babban kasafi ba: a ɗauki maganar tsofaffin direbobi da makanikai da ƴan kamasho tun suna da rai, a tattara hotuna da takardun mallaka, a nemi magada su bar ko da mota guda a tsakar gidan tarihi na yanki. Ɗalibin da ya taɓa motar da ta kai kakansa kasuwa zai fi fahimtar tarihin sufuri da fatauci fiye da wanda ya karanta shi a allo kawai.