Ƙasar Gobir a Idon Masana Kimiyya: Tarihin Bincike da Hanyar 'Ya'yanmu Zuwa Digiri na Uku

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa idan aka ambaci Gobir, sarauta da yaƙi ne ke fara zuwa a zuciya: Bawa Jan Gwarzo, ganuwar Alƙalawa, Tsibiri, da Ɗan Halima wanda ya kafa Sabon Birni. Wannan ɓangare na tarihinmu an rubuta shi, an kuma sha maimaita shi a tarukanmu. Akwai kuma wani ɓangaren da ba mu cika waiwayarsa ba, wato tarihin binciken kimiyya da aka yi a kan ƙasarmu, da duwatsunta, da ruwanta, da tsirranta, da cututtukan da ke damun mutanenta. A yau da 'ya'yan Sabon Birni da Isa suke ɗakunan gwaji a Sakkwato da Zariya da Kano da ƙasashen waje suna neman digiri na uku, wanda ake yi wa laƙabi da digirin digirgir, ya dace mu san waɗanda suka riga su yin nazarin wannan ƙasa, da hanyar da suka bi kafin su kai wannan mataki, da kuma abin da gida ke jira daga bincikensu.

Kafin Zuwan Turawa

Nazarin taurari da lissafi da magunguna ya daɗe a ƙasar Hausa. A ƙarni na 18, lokacin da Gobirawa ke gina Alƙalawa a bakin gulbi, wani malami Bakatsine, Muhammadu al-Katsinawi, ya yi suna har ƙasar Masar saboda rubuce-rubucensa a kan hatimi da dabarun jera alƙaluman lissafi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai a kan likitanci, cikinsu har da wanda ya keɓe ga ciwon ido da wanda ya keɓe ga basur.

Baturen nan ɗan yawon buɗe ido, Kilafatan, ya ratsa dajin Gundumi a 1824 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya kuma sha wahalar ƙishirwa a cikinsa. Da ya isa, ya nuna wa Bello taswirar sararin samaniya, sai ya tarar Sarkin ya san buruji da taurari da dama da sunayensu na Larabci. A zuwansa na biyu ya kawo masa littafin lissafin Uƙlidis na Larabci, Bello kuwa ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar littafin kafin gobara ta cinye shi. Wannan ya isa shaida cewa son sanin yadda halitta ke gudana yana da tushe a wannan yanki.

Zamanin da Wasu Suka Yi Mana Bincike

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, kimiyyar zamani ta fara shigo mana ne da aikin shata iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 wani kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi wannan yanki da na'urorin auna taurari da ƙasa, ya kafa alamun da suka bar Tsibiri da Maraɗi a hannun Faransa, Sabon Birni da Isa kuma a hannun Ingila. Daga nan masana suka biyo baya. Likita Dalziel ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga su a 1916. Ma'aikatar binciken duwatsu ta Nijeriya ta buga nazarin Brynmor Jones a kan duwatsun Lardin Sakkwato a 1948. A 1973 kuma hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoton Anderson da Ogilbee a kan ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar lardin.

Sakamakon waɗannan ayyuka, sunayen garuruwa da dazuzzukan yankinmu suka shiga littattafan kimiyya na duniya. Shimfiɗar yashi da tsakuwa da yumɓu da ke ƙarƙashin ƙasar gabashin Sakkwato, wadda rijiyoyin burtsatse da yawa ke ɗibar ruwa daga cikinta, ana kiranta da sunan Gundumi. Shimfiɗun da ke samanta suna ɗauke da sunayen Taloka da Dukamaje da Wurno da Dange da Kalambaina. Masana sun gano cewa a wani zamani mai nisa teku ta taɓa shafe wannan yanki, ta ratso ta inda Sahara take a yau. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina ragowar wannan teku ce. A ƙasar Goronyo, maƙwabtanmu ta yamma, an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa dangin ƙadangare, wadda aka ƙiyasta ta rayu kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972.

Abin lura a nan shi ne, a duk tsawon wannan lokaci rabon mutanenmu a aikin bai wuce nuna hanya da haƙa rami da ɗaukar kaya ba. Sunayen ƙasarmu sun shiga littattafai, amma a bangon littattafan sunayen baƙi ne.

Yadda Hanya ta Buɗe

Dalilin haka a fili yake. Ilmin zamani ya iso Arewa a makare, ya kuma iso garuruwan kan iyaka bayan ya daɗe a birane. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 an kafa ta ne don horar da malamai, kuma 'yan kaɗan ke samun shiga. Arewa ba ta samu jami'arta ba sai 1962, da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A farkon shekarun 1960 ne Iya Abubakar, wanda ya bi ta Kwalejin Barewa da Ibadan, ya samu digiri na uku a lissafi daga Jami'ar Kambirij, daga bisani ya shugabanci jami'ar ta Zariya daga 1975 zuwa 1978. Irinsa a wancan lokaci ba su cika tafin hannu ba.

A ɗaya gefen iyaka ma haka abin yake. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatun fiziks a Faransa, ya duƙufa a kan makamashin hasken rana, ya kuma shugabanci Jami'ar Yamai, wadda a yau take ɗauke da sunansa. Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗan Maraɗi, masanin kimiyyar sinadarai ne, jami'ar Maraɗi kuma sunansa ta ci. Waɗannan mutane biyu sun fito ne daga ƙasar gero da rairayi irin tamu, tafiyar yini ɗaya a mota daga Sabon Birni.

Mu a nan gida, abubuwa uku ne suka kusanto da jami'a ga ɗan talaka. Na farko, kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, wadda ta fara karatu a 1977 ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Na biyu, shirin ilmin firamare kyauta na 1976, wanda ya kai azuzuwa ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Na uku, makarantun sakandare na kimiyya na kwana da azuzuwan share fagen shiga jami'a, waɗanda suka ba ɗaliban karkara damar cike giɓin da suka taso da shi. A 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar ta Sakkwato. Daga baya asusun tallafa wa manyan makarantu, wanda aka san shi da TETFund tun 2011, ya riƙa ɗaukar nauyin malaman jami'o'i da kwalejoji zuwa karatun digiri na biyu da na uku a gida da waje, musamman Malesiya da Ingila.

Saboda haka, idan muka duba tarihin karatun ɗalibanmu na digiri na uku, za mu ga kusan hanya ɗaya suka bi: makarantar allo, firamare a ƙauye, sakandaren kwana nesa da gida, digiri na farko na shekara huɗu, bautar ƙasa, sannan aikin koyarwa ko na asibiti ko na ma'aikatar gona, wanda da albashinsa ake biyan kuɗin digiri na biyu. Mafi yawa sukan fara digiri na uku ne da iyali a wuyansu, karatun kuma ba ya kasa shekara uku, sau da yawa yakan zarce saboda yajin aiki da rashin kayan gwaji. 'Ya'yanmu mata kuwa, hanyar ta fi yi musu tsawo da ƙunci, domin da yawa ba su kai ƙarshen sakandare ba, balle jami'a.

Abin da Ake Bincike da Abin da Gida ke Jira

Sassan kimiyya na jami'o'in yankinmu sun fi karkata ga fannoni kaɗan: sinadaran da ke cikin itatuwan magani, ingancin ruwan sha, ƙasar fadama da amfanin gona, ƙwayoyin cuta, da makamashin rana. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da tambayar da ke jiransa a ƙofar gidanmu.

Ta fuskar ruwa, ƙasarmu ce mahaɗar gulabe. Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi duk a wannan yanki suke zubar da ruwansu su zama Rima. A sama akwai madatsar Jibiya, a ƙasa kuma madatsar Goronyo da aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa kimanin mita murabba'i mai zurfi miliyan 942. Mun ga fari a 1973 da 1984, mun kuma ga ambaliyar Satumbar 2010 wadda ta ci garuruwa a kwarin Rima, ta karya gadar da ke kai wa ga jami'ar Sakkwato kanta. Yawan ruwan da ke saura a ƙarƙashin fadamunmu bayan shekaru ana ja da injin ban ruwa, da yaɗuwar tsargiya a tsakanin yaran da ke wanka a tafkuna, ayyuka ne da suka isa digiri na uku.

Ta fuskar lafiya, annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. A 2010 gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara, maƙwabciyarmu. A farkon 2024 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ba da sanarwar wata cuta da ba a san kanta ba a Ƙaramar Hukumar Isa, mai kumbura cikin yara, inda aka lissafa mutum 164 da ake zaton sun kamu, gwajin farko kuma ya nuna dalma a jinin wasu daga cikinsu. Sai da aka jira masana daga nesa su zo su ɗebi jini da ruwa da ƙasa da hatsi. Da a ce akwai ɗanmu masanin sinadarai da ya shafe shekaru yana auna rijiyoyin waɗannan ƙauyuka yana adana sakamako, da an sami abin da za a gwada sabon awo da shi.

Ta fuskar noma, Maraɗi ta nuna mana abin da bincike a gida ke haifarwa. Masana a can sun yi aiki a kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero, suka koya wa manoma sakin wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro da ke kashe ta ba tare da feshi ba. A can ne kuma aka yi gwaje-gwaje masu yawa na buhu mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa daga 2007, inda rashin iska ke kashe ƙwarin wake ba tare da an zuba guba ba. Haka nan dabarar barin kututture ya tofo a gona ana yi masa sassabe, wadda ta fara yaɗuwa a ƙasar Maraɗi a shekarun 1980, ta mayar da itatuwa a kadada kimanin miliyan 5 a Nijar. Geronmu ɗaya, wakenmu ɗaya, harshenmu ɗaya da su.

Sai dai akwai babban cikas. Ta'addancin 'yan bindiga da ya addabi Sabon Birni da Isa a 'yan shekarun nan, wanda ya kai ga rasa ran Sarkin Gobir na Gatawa a hannunsu a watan Agustan 2024, ya raba manoma da gonakinsu, ya kuma raba mai bincike da filin bincikensa. Ɗalibin da ya so ɗibar ruwa ko ƙasa a bakin dajin Gundumi, dole malaminsa ya ba shi shawarar ya zaɓi wuri kusa da birni. Idan aka daɗe a haka, za a wayi gari babu wani sabon awo na ruwanmu da ƙasarmu, masu tsara manufofi kuma ba sa ware kuɗi ga matsalar da ba a auna ba.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan Isa ko Sabon Birni da ya san sunan kowace fadama, ya san tsohon da za a tambaya a kan shekarun fari, yana kuma da ɗan'uwan da zai kawo masa ruwan rijiya a kwalba har tashar mota, yana da abin da baƙon masani ba ya da shi. Abin da ya rage mana shi ne mu tattara sunayen ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku tare da fanninsu da batun bincikensu, mu nemi kowa ya ajiye wa gida kwafin kundinsa da taƙaitaccen bayani da Hausa, mu taimaka da kuɗin gwaji ga wanda ya zaɓi batun da ya shafi yankinmu, mu kuma sada su da takwarorinsu na Maraɗi. Kada mu manta da tushe: ɗakunan gwaji na makarantun sakandarenmu, na maza da na mata, su ne ke fitar da wanda zai kai digiri na uku nan da shekara goma sha biyar. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka.