Ɗan Gida Ko Baƙo? Darasin Shuaibu Amodu

Duk lokacin da za a naɗa wa Super Eagles sabon koci, musu ɗaya ne ke tashi a majalisunmu na Lafia: ɗan gida za a ɗauka ko baƙo? Mu da aka saba tambayarmu "ɗan ina ne?" ya kamata mu leƙa tarihi kafin mu sa baki.

Marigayi Shuaibu Amodu ya samo wa Najeriya gurbin gasar cin kofin duniya ta 2002. Saura 'yan watanni aka sallame shi, aka ba Festus Onigbinde, ɗan gida. Maki ɗaya muka samu, muka dawo. Amodu ya sake samo gurbin 2010, aka sake ture shi, aka kawo Lars Lagerback daga Suwidin. Nan ma maki ɗaya. Wani ya yi noma, wani ya zo girbi, rumbu kuwa wayam.

To su wa suka ci kofin Afirka? Otto Gloria ɗan Burazil a 1980, Clemens Westerhof ɗan Holan a 1994, sai namu Stephen Keshi a 2013. Shi Westerhof tun 1989 yake riƙe da ƙungiyar, aka yi haƙuri da shi shekara biyar.

Ashe ba asalin koci ne ciwonmu ba, gaggawa ce. Duk wanda hukumar NFF za ta ɗauka, a duba aikinsa, sannan a bar shi ya girbe abin da ya shuka. Allah ya sa mu dace.