Tarihin Mandriva, Kwamfutocin 'Yan Makaranta, da Famfunan Bakolori

A wannan makon na ɗan jingine ci gaban labarin da muke bi, domin in kawo wani tarihi da ya shafi sana'armu ta rubutu. Masu jiran jin yadda za ta kaya tsakanin masoya su yi mini haƙuri.

Duk wanda ya tashi a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya san madatsar ruwa ta Bakolori. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina ta a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala a 1978, kuma har yau ba a manta da jinin manoman da aka zubar a kanta ba ranar 28 ga Afrilu 1980. An tsara ta shayar da kimanin hekta 23,000. Kusan hekta 15,000 ta hanyar feshi, wato famfuna masu aiki da lantarki su tura ruwa cikin bututu ya riƙa zuba kamar yayyafi, sauran kuma ruwa ya gangaro da kansa ta magudana. Wanne ya daɗe? Famfunan nan sun tsaya, gonakin feshi suka koma jiran damina. Magudana kuwa, ko ta cushe, manomi da fartanyarsa yana iya yashe ta, shi ya sa aka ci gaba da samun shinkafa a wannan ɓangare. Mai karatu ya riƙe wannan, don kwamfuta ma haka take.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda ita ce ke tafiyar da komai a cikinta. Wadda muka fi sani ita ce Windows, kuma asalin rubutun da aka gina ta da shi yana kulle a hannun kamfanin Microsoft. A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ƙaddamar da aikin GNU bisa cewa mai kwamfuta yana da haƙƙi huɗu a kan manhaja: ya yi amfani da ita yadda ya so, ya buɗe cikinta ya gyara, ya ba maƙwabcinsa, ya kuma rarraba gyaran da ya yi. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fito da Linux, daga nan iri-iri suka yi ta tsirowa. Ɗaya daga cikinsu ita ce Mandrake, wadda Gaël Duval ya fara a Faransa a 1998. Da kamfaninta ya haɗe da Conectiva na Brazil a 2005, sai suna ya koma Mandriva.

To, me ya haɗa Bahaushe da Mandriva? A 2007 aka ƙulla cinikin ƙananan kwamfutocin 'yan makaranta guda 17,000 don Nijeriya, samfurin Classmate na kamfanin Intel, kowace ɗauke da Mandriva. Kwatsam sai kamfanin ya ji labarin cewa za a biya shi kuɗinsa, amma za a goge manhajarsa a ɗora Windows. Ka ji wani ciniki! Ka sayi doki da sirdinsa, ka biya, sannan ka jefar da sirdin ka nemo wani. Ranar 31 ga Oktoba 2007 shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, yana zargin an bi ta bayan gida. Microsoft ta ce ita a kan doka take gudanar da kasuwancinta. Wasiƙar ta zaga duniya, sunan Nijeriya ya yi ta yawo, kuma cikin 'yan kwanaki hukumar USPF, wadda ke biyan kuɗin mafi yawan kwamfutocin, ta ce Mandriva ɗin take so a bari.

A wannan shekarar dai aka gwada wata ƙaramar kwamfuta mai launin kore da fari, XO, a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, ƙarƙashin shirin OLPC na Nicholas Negroponte. Ita ma Linux ce a cikinta. Kafin shekara ta ƙare wani kamfani mai suna LANCOR ya kai ƙara kotun tarayya a Legas, yana cewa an kwaikwayi tsarin allon rubutunsa na Konyin, wanda ke fitar da haruffan harsunan Nijeriya, ya nemi diyyar dala miliyan 20. Kotu ta ba da umarnin dakatar da rarraba kwamfutar.

Nan ne abin ya taɓo ni, don kuwa a cikin haruffan da ake magana akwai namu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ. Duk marubucin da ya kai littafi shagon buga takardu a shekarun 1990 ya san wahalar nan. Kwamfuta ba ta san su ba, sai “baƙi” su koma “baki”, “ƙafa” ta koma “kafa”. Wasu da biro suke bi suna lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya kafin a kai maɗaba'a. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ne ya share mana hawaye da ya ƙera salon haruffan Rabi'at da Abdalla, Allah ya saka masa da alheri. Sai dai in ka ɗauki faifanka zuwa kwamfutar da ba a saka su ba, ƙugiyoyin sai su rikiɗe. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, shi ya kawo ƙarshen wannan, tare da haruffa irin su Charis SIL da aka sake wa kowa ya ɗauka ya gyara. A ganina, harshen da masu shi ba su da ikon buɗe na'ura su koya mata haruffansu, dole ya zauna jiran ranar da wani kamfani zai ga akwai riba a cikinsa. Wasu 'yan ƙasar nan sun gane haka tun a lokacin: kamfanin Leapsoft ya fito da Wazobia Linux, mai magana da Hausa, Yarbanci da Ibo, ko da yake ba ta yi nisa ba.

Kada a ce na yi son kai. Manhaja mai 'yanci ba ta kawo wutar lantarki, ba ta biyan malamin da zai koyar da ita, kuma rubutun asali a buɗe bai da amfani ga garin da babu mai iya karanta shi. Wannan aiki ne na irin ɗaliban kwamfuta da ke kwalejin Abdu Gusau a nan Mafara.

Shi kuwa kamfanin Mandriva, bai tsira ba. Kuɗi suka yanke masa, aka rufe shi a 2015. Amma tun a Satumba 2010, da aka sallami da yawa daga ma'aikatansa, sai suka ɗauki rubutun manhajar, wanda doka ta ba kowa izinin ɗauka, suka kafa Mageia tare da 'yan sa kai, suka fitar da ta farko a 2011. Wasu kuma suka kafa OpenMandriva, ta fito a 2013. Shekara takwas bayan an kulle ƙofar kamfanin a Faris, a watan Agusta 2023, Mageia ta fitar da bugu na 9.