Burtali da Kwastan: Tarihin Abinci da Inabin Puliya ta Italiya

A shirin wannan mako mun leƙa kudancin Italiya. In ka dubi taswirar ƙasar, kamar takalmi take mai dogon wuya. To, dunduniyar takalmin nan ita ce yankin Puglia, wanda ake furtawa Puliya. An san shi da man zaitun, burodin alkama, cuku da giyar inabi. In ka bi salsalar cukun da giyar kuwa, abu biyu za ka tarar waɗanda ba baƙinku ba ne: burtali da kwastan.

A arewacin Puliya akwai wani shimfiɗaɗɗen fili kewaye da birnin Fojiya. A can ruwan sama da sanyi yake zuwa, don haka da hunturu filin kore shar yake, in zafi ya shigo kuma ciyawa ta bushe ƙurmus. Duwatsun Abruzo da ke arewa da shi akasin haka suke: ƙanƙara da hunturu, ɗanyar ciyawa da zafi. Shi ya sa tun zamanin Rumawa makiyaya ke gangarowa da tumaki wajen ƙarshen Satumba, su koma tudu a watan Mayu.

A shekarar 1447 Sarki Alfonso na Aragon, mai mulkin Napoli, ya ga kuɗi a wannan zirga-zirga. Sai ya kafa hukumar kwastan ta tumaki, wadda daga 1468 mazauninta ya koma Fojiya. Mai tumaki fiye da 20 dole ya yi rajista, ya biya kuɗin kiwo, wato kamar jangali. Ita kuma hukuma ta ba shi mashekari, ta ba shi kotun da ke jin ƙararsa, ta kuma tsare masa hanya. Manyan burtalan nan faɗinsu mita 111 ne, an auna an kafa duwatsun shaida. Mafi tsawonsu, daga Lakwila zuwa Fojiya, ya kai kilomita 244. Tumaki fiye da miliyan ɗaya kan bi hanyoyin nan a shekarun albarka.

Kada dai a ɗauka tausayi ne ya kawo wannan gata. Makiyayi ba ya juyawa gida sai ya sayar da ulu da cuku a babbar kasuwar Fojiya ya sauke harajinsa. Manomi kuwa an taƙaita masa ƙasar da zai sa wa garma, don kada ciyawar tumakin sarki ta ragu. Saboda haka ƙorafi tsakanin mai garma da mai sanda bai taɓa yankewa ba.

Daga wannan rayuwa ta kan hanya abincin yankin ya samo siffarsa, domin matafiyi ba ya ɗaukar abin da zai lalace kwana biyu. Madarar tumaki sai a daskarar da ita, a matse a kwandon da aka saƙa da ciyawar fadama, a sa gishiri, ta zama cuku mai tauri da ake kira kanestarato, mai wata da watanni bai ɓaci ba. Na shanu kuma, kacokaballo, ɗaure shi ake yi biyu-biyu a rataye a kan sanda ya bushe. A yankin Gargano ana yanyanka naman tunkiya ko akuya siriri, a barbaɗe da gishiri da barkono da tafarnuwa a shanya. Sunansa mushiska, kuma duk wanda ya san kilishi zai gane ɗan'uwansa. Burodin garin Altamura mai kaurin ɓawo kan yi kwanaki yana nan lafiya, in ya ƙeƙashe a jiƙa shi da ruwan zafi da ganyen daji da man zaitun. A 2003 Tarayyar Turai ta ba burodin nan shaidar asali, ba mai sayar da wani da sunansa.

A 1806 Yusuf Bonapat, ɗan'uwan Napoliyon, ya soke hukumar kwastan ɗin. Bayan haɗewar Italiya, dokar 1865 ta sakar wa masu ƙasa mara su nome filin yadda suka so. Garma ta shiga makiyaya, gonaki suka riƙa gutsurar burtali taku bayan taku, garkuna suka yi ta raguwa.

A daidai lokacin ne wani ƙwaro da ya shigo daga Amurka, mai cin saiwar inabi, ya far wa gonakin Faransa. Faransawa suka rasa giyar sayarwa, suka juya ga Puliya, inda zafin rana ke sa inabi irin su Primitivo da Negroamaro yin baƙi da ƙarfi. Da ita suke gauraya tasu mai rauni. Ko ba ka shan abin, ciniki dai ciniki ne, kuma darasinsa naka ne. Manoma suka ci bashi, suka dasa inabi a inda da tumaki ke kiwo, ganguna suka riƙa fita ta tashar jiragen ruwa ta Barletta.

Sai ga 1887, gwamnatin Italiya ta ɗaga kuɗin fito don kare masana'antunta da alkamarta. A 1888 Faransa ta rama, ta lafta wa kayan Italiya nata harajin. Kasuwar da Puliya ta jingina da ita ta rufe. Giya ta kwanta a ganga ba mai saye, masu bashi suka rasa gonaki. Ba a sasanta ba sai 1898, kuma ba a jima ba ƙwaron nan ya iso Puliya ita ma. Dubban mutanen kudu suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka neman abin kai wa baki. Fataken da suka ga rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba sa buƙatar a fassara musu wannan.

A 2019 hukumar UNESCO ta sa ƙaurar makiyaya ta Italiya da Austiriya da Girka cikin al'adun duniya da ake adanawa. Sai dai karramawar ta zo bayan yawancin tumaki sun koma hawa mota, guntayen burtalan da suka rage kuma 'yan yawon buɗe ido ke takawa.

Mu a nan namu burtalin da ransa, kuma tun 1998 ECOWAS ta amince da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi. Abin da tarihin Puliya ya nuna shi ne, hanya tana rayuwa ne muddin an auna ta, an shata ta, akwai kuma inda makiyayi da manomi za su kai ƙara. Ɗan kasuwa kuwa kada ya rataya jarinsa duka a ƙofa ɗaya, don makullinta ba a hannunsa yake ba. Ku aiko mana da labarin burtalin yankinku: taku nawa ne faɗinsa a da, nawa ya rage yau?