Gayyar Lambu: Abin da Muka Gada, Muke Neman Saki

Bara da sanyi, awaki sun shiga lambunan bayan unguwarmu ta wata kafa da ta ɓalle a jikin danni. Kafin gari ya waye sun cinye renon tumatir na wani dattijo tas, suka taɓa alayyafon maƙwabtansa. Dukanmu mun san da kafar nan tun kafin ranar. Mun yi ta wucewa ta gabanta, kowa yana cewa ba ta gefensa ba ce. Wannan ne ya sa muka zauna da dattawan unguwa, muka tambaye su yadda iyayenmu suka riƙe wurin nan shekaru da yawa ba tare da irin haka ta faru ba. Amsarsu kalma ɗaya ce: gayya.

Bari mu ɗan koma baya. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku kuma jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa Kontagora a 1864, yana riƙe da sarautar Sarkin Sudan. Zamani ne na yaƙe-yaƙe, har zuwa 1901 da Turawa suka ci garin a lokacin Sarki Ibrahim Nagwamatse. A irin wannan zamani gonar da ke nesa ba abin dogaro ba ce, sai wadda ke gindin gari. Haka abin yake a sauran biranen ƙasar Hausa. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851 ya tarar da babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da filaye, gidaje sun tattaru a gefe guda. Magabata ba su bar filin nan don rashin abin ginawa ba. Sun san ranar da aka rufe ƙofa, abin da ke ciki shi za a ci.

Kakanninmu da suka zo daga Katsina, Sakkwato, Kano da Zamfara, fatauci ne ya kawo su: shanu, goro, gishiri, tufafi. Baƙo kuwa ba shi da gonar gado. Sai ya je wurin mai unguwa, a yanka masa ɗan wuri a bakin rafi a matsayin aro. Babu takarda, shaidu ne kawai da bishiyar da aka nuna a matsayin iyaka. A nan ake yin fangali, a shuka albasa, tattasai, kuɓewa, yalo da rama, ana ɗebo ruwa da jigo.

To, shi lambu aiki biyu gare shi. Akwai na cikin fangalinka, wannan kai ya shafa. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ba zai iya ba: yashe rijiya, gyara hanyar ruwa, kafa danni a kewaye wurin gaba ɗaya, ɗebo taki daga unguwa a kan jakuna. Wannan shi ake kira wa gayya. Da an gama girbin dawa, kara ya samu, sai a sa rana. Maza su fito da asuba da fartanya, adda da gatari, mata su dama kunu su tuƙa tuwo, yara su yi ta jigilar kara. Ba a biyan kowa ko kwabo, lada dai tuwo ne da goro. Wani abin da dattawa suka jaddada mana shi ne, masu fitowa ba masu lambu ne kaɗai ba. Tela, mahauci, malami da almajiransa, duk suna fita, don kowa ya san miyar gidansa daga nan take. Kuma da fangalin tsoho, mara lafiya da matar da mijinta ya rasu ake farawa. Ba mu kaɗai muka san wannan ba, maƙwabtanmu Kambari da Dakarkari ma sun shahara da noman taron dangi.

Gwamnatoci sun zo da nasu. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Neja, gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ana kiran ma'aikaci da ɗan makaranta kowa ya yi shuka ko a bayan gida ne. Shagari ya biyo da nasa shirin noma a 1980. A tsakani, dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna. Tun daga nan maganar “kakana aka ba wa aro” ta fara rasa nauyi a gaban mai takarda.

Sai kuma injin ban-ruwa ya shigo. Shirin Fadama, da tallafin Bankin Duniya, ya fara a 1993, kuma Neja tana cikin jihohin da suka shiga zagaye na biyu a 2004. Gaskiya injin ya yi mana rana, ba mai musu: abin da jigo ke yini yana shayarwa, shi kafin hantsi ya gama. Amma ya zo da wani abu da ba mu lura ba. Wanda ya mallaki inji da rijiyarsa ya daina buƙatar maƙwabci. Aka kafa ƙungiyoyi don karɓar tallafi, da tallafin ya ƙare wasu suka watse. Aikin da a da gayya ke yi ya koma na 'yan ƙwadago, wanda ba shi da kuɗi kuwa nasa gefen ya zauna a haka. Gari yana ta faɗi, dillalai suka shigo da awon igiya, lambu ya fara komawa fuloti. Mu 'yan kasuwa ba za mu wanke kanmu ba, da kuɗinmu aka sayi da yawa daga ciki.

Yau ga shi tarihi ya zagayo. 'Yan bindiga sun hana 'yan uwanmu na ƙauyukan Mariga, Rijau da Magama zuwa gonakinsu cikin kwanciyar hankali, da yawa sun dawo cikin gari. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, tayar da inji ya zama abin lissafi. Mun koma inda kakanni suka tsaya: gonar gindin gari ita ce abin dogaro.

Akwai darasi daga Ingila. Tun 1908 dokarsu ta ɗora wa hukumomin gari samar wa mazauna ƙananan filayen shuka idan sun nema, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu filayen nan sun haura miliyan ɗaya. Har yau suna nan a tsakiyar birane, masu shukar ne ke kafa kwamiti, su sa ranar aikin gayya. Su sun haɗa gayya da takarda. Mu muna da gayya ba takarda, yanzu kuma gayyar ma tana neman tafiya.

Don haka muke roƙon abu uku. Mu zauna da mai unguwa a rubuta iyakokin abin da ya rage tun shaidu suna raye. Mu daina sayen fili a bakin rafi komai arharsa, domin gidan da aka gina a hanyar ruwa, ruwa zai zo ya nemi hanyarsa. Sannan mu sa ranar gayya da zarar an gama girbin dawa, mu kawo matasanmu, mu gayyaci baƙin da suka gudo, don sun fi mu sanin noma. Malamanmu sun karantar da mu cewa duk shukar da mutum, tsuntsu ko dabba ya ci daga gare ta, sadaka ce ga mai shukar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu fara da kafar nan ta danni, har yanzu tana nan a buɗe. Allah Ya ba mu ikon yi, amin.