Ɗora Ƙashin Dabba a Jikin Ɗan Adam: Tarihin Mas'alar Daga Littattafan Fiƙihu Zuwa Asibitocin Yau

Gabatarwa

A ƙasar noma ta Funtuwa da Malumfashi, karaya ba baƙuwa ba ce. Da can faɗuwa daga bishiya ko harbin jaki ke kawo ta. Yau haɗarin babur da na mota a hanyar Zariya zuwa Gusau sun ƙaru a kai. Tun kaka da kakanni madori ne ke jinyarta: ya ja gaɓar, ya daidaita ƙashin, ya ɗaure shi da karare, ya yi tofi. Da yake ba ya tsaga nama, aikinsa bai tayar da tambayar abin da ake sanyawa a cikin jiki ba. Ta taso ne bayan da aka fara kai waɗanda ƙashinsu ya farfashe asibitoci irin na ƙashi da ke Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, da na koyarwa da ke Shika. Idan likita ya cike giɓin ƙashi da abin da aka sarrafa daga ƙashin saniya, shin sallar majinyaci ta inganta? Wannan maƙala ta bi diddigin mas'alar.

Asalinta a wurin magabata

Dogaron farko shi ne hadisin Arfaja ɗan As'ad, da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. An yanke masa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, ya sanya na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da sanya na zinare. Malamai sun fahimci cewa gyaran gaɓa da baƙon abu halal ne, har da abin da asalinsa haram ne ga maza, idan buƙata ta kama.

Saɓani ya shigo ne a kan ƙashin kansa: shin rai na shigarsa, har ya zama mushe idan dabbar ta mutu? Mafi yawan malamai sun ce yana shiga, suna kafa hujja da aya ta 78 da ta 79 a Suratu Yasin, inda aka ambaci rayar da ƙasusuwa. Hanafawa kuwa sun ce ba jini mai gudana a cikinsa, saboda haka mai tsarki ne. An ruwaito daga Muhammad ɗan Hasan Asshaibani (ya rasu 189H) cewa babu laifi a yi magani da ƙashin dabbobi, in ban da na alade da na mutum.

Imam Shafi'i (ya rasu 204H) ya tsananta a Al-Umm: bai yarda a cike ƙashin da ya guntule ba sai da na dabbar da ake ci, wadda aka yanka. Daga baya Nawawi (ya rasu 676H) ya fayyace a Minhajut Ɗalibin cewa wanda ya rasa mai tsarki ya ɗora mai najasa yana da uzuri; wanda kuwa ya yi haka alhali akwai mai tsarki, sai ya cire, muddin cirewar ba za ta cutar da shi ba. Ibn Ƙudama (ya rasu 620H) ma bai wajabta cirewa ba idan ana tsoron cuta. Aikin ma ba zato ba ne kawai: likitan Andalus, Azzahrawi, ya ambata a At-Tasrif cewa ana sassaƙa haƙori daga ƙashin sa a maye gurbin wanda ya faɗi.

Matsayin Malikiyya

A zaurukan karatu na Katsina ta kudu, ɗalibi na cin karo da mas'alar tun a Risala ta Ibn Abi Zaid (ya rasu 386H), inda aka hana amfani da ƙaho da kofato da haƙoran mushe. A Muhtasar, Shaihu Halil (ya rasu 776H) ya lissafa ƙashin mushe cikin najasa, ya haɗa da tokar najasa. Sai dai masu sharhi na baya, irin su Dardir (ya rasu 1201H), sun rinjayar da cewa tokar mai tsarki ce. Wannan rinjayarwa tana da nauyi a yau, kamar yadda zai bayyana.

Zamanin likitancin Turai

A 1668 aka buga littafin likitan Amsterdam, Job van Meekeren, mai ɗauke da labarin wani soja a Rasha da aka toshe masa raunin kai da ƙoƙon kan kare. An ce coci ta kore shi, ya nemi a cire, sai aka tarar ƙashin ya riga ya haɗe. Ke nan ba Musulmi kaɗai abin ya dama ba.

Babbar matsalar ɗanyen ƙashin dabba ita ce jiki na ƙinsa. A shekarun 1950, likitoci a Kiel ta Jamus suka fara tsame furotin daga ƙashin maraƙi. Daga baya kamfanin Geistlich na Suwizalan ya fito da Bio-Oss: ana wanke ƙashin saniya da sinadarai, a gasa shi, har kitse da furotin su fita, ya rage ma'adinin kalsiyam da fosfet mai ƙananan ƙofofi. Jijiyoyin jini na kutsawa cikin ƙofofin, sabon ƙashin majinyaci ya ginu a kai kamar yadda kabewa ke bin danga. An fi amfani da shi a muƙamuƙi. Ɓullar cutar haukan shanu a Ingila a 1986 ta sa aka tsaurara bincike a kan shanun da ake ɗiba. Akwai kuma irinsa da ake yi daga doki da alade.

Fatawoyin zamani

A 1405H (1985), Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta dasa gaɓar dabbar da ake ci, wadda aka yanka, ba tare da sharaɗi ba, da ta waninta idan lalura ta kama. A 1995, taron Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci a Kuwait ya tabbatar da cewa rikiɗewar abu daga haƙiƙarsa, wato istihala, na tsarkake shi. Wasu malamai dai sun tsaya cewa ma'adinin da ya rage ɗin shi ne ƙashin, bai rikiɗe ba. Ko a kan maganarsu, ƙofar lalura a buɗe take.

Kammalawa

Tarihin mas'alar ya nuna jeri guda: a fara da ƙashin majinyaci kansa, ko ma'adinin da aka haɗa a ɗakin bincike, ko na dabbar da aka yanka, sannan na wadda ba a san yankanta ba, na alade kuwa sai an rasa madadinsa. Wanda aka riga aka ɗora masa, ya haɗe, manyan malamai ba su tilasta masa cirewar da za ta cutar da shi ba, sallarsa kuma ingantacciya ce. Haƙƙin majinyaci ne ya tambayi asalin abin da za a sanya masa, nauyin malami kuma shi ne kada ya bar manomi ya rasa ƙafar da yake bin garma da ita saboda shubuhar da magabata suka daɗe da warwarewa. Abin lura, yankin da mahauta ke yanka shanu kullum bisa shari'a yana da ƙashi mai tsarki a kowace mazhaba. Saura masu ilimin sarrafa shi. Allah ne Mafi sani.