Tukunyar makaranta da rumbun Damagaram

Shekarun da na yi ina koyarwa a wata lakwal ta ƙauye a ƙasar Damagaram, ba sai na leƙa madafa ba kafin in san ko an ɗora tukunya. Ranar da hayaƙi ya tashi, aji cike yake har la'asar. Ranar da buhuna suka ƙare, kafin azahar rabin benci wayam, kuma 'yan mata ne farkon tafiya. Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne abincin kansa: shinkafa da man gwangwani da suka tsallako teku, alhali ga gonar gero jingine da dangar makarantar.

Ƙasar nan ta san rumbu tun kafin ta san tallafi. An kafa sarautar Damagaram wajen 1731, ta kai ganiyarta a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Ayarin Abzinawa kan sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma arewa da geron Damargu da na kudu. Fada tana karɓar zakkar hatsi, magidanci kuma yana da rumbun tsimi da ba a buɗewa sai wuya ta yi wuya. Har yau dattawa na ba da labarin tsananin hukuncin da Tanimu ya sa a kan mai sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya taki gona. Ɗan makarantar allo kuwa daga gonar malam da tukunyar unguwa yake ci. Ba aljanna ba ce, domin gumin bayi da nauyin haraji na cikin wannan arziki. Amma abincin almajiri daga ƙasar da yake takawa yake fitowa.

Faransawa sun ci Zindar a 1899, suka mai da ita babban birnin Nijar har 1926, lokacin da aka koma Yamai. Harajinsu da kuɗi ake biya, don haka manomi ya koyi sayar da abin da ya kamata ya ajiye. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta tarar da rumbuna da yawa ba kome. Daga baya gyaɗa ta mamaye gonakin Magarya da Matamai, kuma bayan samun 'yanci a 1960 kamfanin SONARA ne ke kwasarta zuwa waje. Sai farin 1973 ya zo. Abincin agaji ya shigo, zargin karkatar da shi kuma na cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar da ya kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974. A cikin shekarun nan ne hukumar abinci ta duniya, wadda muke kira PAM, ta shiga ciyar da ɗalibai, musamman a yankunan makiyaya. Ta ceci yara, ba mai musu. Sai dai kuɗin abincin a wata ƙasa suke tsayawa, uban yaron bai ga ko dala ba.

Sabon tunani daga Brazil ya taso. A 2009 suka yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don abincin makaranta dole a saya da su daga ƙananan manoma. A 2012 shirin PAA Africa ya kawo wannan dabara ƙasashe biyar: Habasha, Malawi, Mozambik, Senegal da Nijar. A wajenmu, maƙwabtanmu na Maraɗi aka fara da su, ana sayen gero da wake daga ƙungiyoyin manoma ana kai wa makarantu. A ranar 1 ga Maris 2016, a Yamai aka fara bikin ranar ciyar da ɗalibai ta Tarayyar Afirka.

Na yi murna da wannan, amma tarihi ya koya mini tambayoyi huɗu da ya kamata kowane kwamitin iyaye ya yi idan aka ce tallafi ya zo. Yaushe kuɗin za su sauka? In ba su zo da kaka ba, 'yan kasuwa sun riga sun kwashe, makaranta ta sayi tiya da tsadar damina. Yaushe za a biya manomi? Wanda ke da bashin taki ba zai jira takarda wata uku ba. Ina za a ajiye? Wake ba ya jimre wa ƙwari sai a buhun nan mai ninki uku ko ganga mai murfi, kuma makullin sito bai kamata ya zauna hannun mutum ɗaya ba. Ta ƙarshe ita ce mafi nauyi: ranar da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa, wa zai hura wutar?

Shawarata ga 'yan uwana malamai da iyaye ita ce, mu karɓi tallafi, amma mu mai da shi jari. A gina sito da shi, a shuka zogale a bayan aji, a ƙulla ciniki da matan da ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kowane gida kuma ya zuba ko tiya ɗaya da kaka, a rubuta a gaban jama'a. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kakanninmu sun cika rumbu ba tare da sun rubuta wa kowa takardar roƙo ba, kuma kakar bana ma geron yana nan bayan danga.